Yadda Ake Warware Lissafin Karo Mai Kusurwa da Dokar Dawwamar Momentam

Ɗalibai da dama suna iya lissafin karo muddin abubuwan biyu suna kan layi guda, wannan ya bugi wancan gaba da gaba. Amma da zarar tambaya ta ce ƙwallo ya kauce da digiri 30, ko mota mai tafiya arewa ta haɗu da mai tafiya gabas, sai hannu ya tsaya cak. Tambayar da ake ta maimaitawa ita ce, daga ina ake farawa, kuma me ke bin me?

Dokar dai ba ta sauya ba. Momentam shi ne nauyin abu sau gudunsa, p = mv, kuma yana fuskantar inda abin ya nufa. Jimillarsa kafin karo daidai take da jimillarsa bayan karo. Abin da ya ƙaru kawai shi ne dole a yi wannan lissafi sau biyu, ɗaya a layin x, ɗaya a layin y, ba tare da an cakuɗa su ba. Mafi yawan makin da ake asara a nan ba rashin fahimtar kimiyya ke jawo shi ba, rashin tsari ne: alamar ragi da ta faɗi, sin da aka sa a gurbin cos, ko ƙoƙarin nemo abu uku da ikweshan biyu.

Kayan aiki ba su da yawa: takarda mai fili, fensir, rula, da kalkuleta mai sin, cos da tan. Kafin ka taɓa komai, danna sin 30. Idan ta ba ka 0.5, tana kan Deg, ka ci gaba. Idan ta ba ka −0.988, tana kan Rad, ka gyara ta tukuna, in ba haka ba duk abin da za ka rubuta ɓatacce ne tun daga layin farko.

Ga misalin da za mu bi har mataki na 8. Faifai A mai nauyin kilogiram 2 yana tafiya da gudun 6 m/s a kan shimfiɗa mai santsi. Ya bugi faifai B mai kilogiram 3 da ke tsaye. Bayan karon, A ya wuce da gudun 4 m/s, ya kauce digiri 30 daga hanyarsa ta farko. Ana neman gudun B da alkiblarsa.

Mataki na 1: Tabbatar dokar ta hau kan tambayar

Momentam yana dawwama ne idan babu wani ƙarfi daga waje da ya yi tasiri a kan abubuwan biyu a lokacin karon. Ƙarfin da A ya sa wa B da wanda B ya mayar wa A girmansu ɗaya, suna fuskantar akasin juna, don haka suna kashe juna a jimilla. Gogayya da ƙasa kuwa daga waje take, amma karo yakan ɗauki ɗan ƙanƙanin lokaci ne, kuma ƙarfin bugun ya ninka nata nesa ba kusa ba, shi ya sa ake kau da kai daga gare ta.

Gargaɗi: wannan rangwame na lokacin bugun ne kaɗai. Kwatancin da kake yi tsakanin gab da karo ne da gab da bayansa. Idan abin ya zame mita goma bayan karon kafin ya tsaya, wannan zamewar ba ta cikin dokar. Haka nan idan ƙwallo ya bugi bango, momentam ɗin ƙwallon shi kaɗai bai dawwama a layin da ya miƙe cikin bangon.

Mataki na 2: Daidaita ma'aunai

Nauyi ya zama cikin kilogiram, gudu cikin mita a sakan. Giram ka raba da 1000. Kilomita a awa ka raba da 3.6, wato 72 km/h ya zama 20 m/s. Idan an ba ka nauyi cikin niyutan, raba shi da 9.8 kafin ka sa shi a matsayin m.

Mataki na 3: Zana hoto biyu, ka zaɓi layukanka

Hoto ɗaya na kafin karo, ɗaya na bayansa, gefe da gefe. Kowane abu da kibiyarsa, da nauyinsa da gudunsa a rubuce kusa da ita. Kada ka haɗa su a hoto guda, nan ake rikita gudun farko da na ƙarshe. Yi amfani da u ga gudun kafin karo, v ga na bayansa.

Zaɓin layuka a hannunka yake, amma akwai zaɓin da ke rage aiki. Idan abu ɗaya yana tsaye, shimfiɗa layin x a kan hanyar wanda ke tafiya. Da haka jimillar momentam a layin y kafin karo ta zama sifili, rabin aikin ya tafi. Idan kuwa biyun suna tafiya a gicciye, kamar gabas da arewa, ɗora x a kan ɗaya, y a kan ɗayan. Rubuta a gefen takarda cewa dama da sama su ne ƙari, hagu da ƙasa su ne ragi. Da zarar ka zaɓa, kada ka sauya a tsakiyar lissafi.

Abin da ba ka san alkiblarsa ba, zana kibiyarsa da hasashe. A misalinmu A ya kauce sama, don haka dole B ya yi ƙasa, domin su biyu su haɗu su ba da sifili a layin y. Wannan hasashe zai yi maka amfani wajen duba amsa.

Mataki na 4: Ƙirga abubuwan da ake nema

Wannan matakin ake yawan tsallakewa, alhali shi ke nuna hanyar da za a bi. Bayan karo akwai abubuwa huɗu: gudun A, kusurwar A, gudun B, kusurwar B. Dokar momentam ikweshan biyu kacal take bayarwa. Ke nan dole tambayar ta ba ka wasu bayanai biyu, a fili ko a ɓoye.

Idan an ba ka gudu da kusurwar abu ɗaya, saura biyu, momentam ya wadatar. Idan an ba ka kusurwoyi biyu, nan ma saura biyu. Idan an ce sun manne, gudunsu da alkiblarsu sun zama ɗaya, saura biyu. Idan kusurwa ɗaya tak aka ba ka, saura uku, to nemi jimlar da ta ce kuzarin motsi bai ragu ba, ita ce ikweshan ta uku. In ka ƙirga ka ga abubuwan nema sun fi ikweshan yawa, koma ka sake karanta tambayar a hankali, akwai bayanin da ya wuce ka. Kalmomi irin su "a tsaye", "nauyinsu ɗaya", "suka tafi tare" duk bayanai ne.

A misalinmu abu biyu ake nema, ikweshan biyu muke da su.

Mataki na 5: Raba kowane momentam gida biyu

Idan an auna kusurwa θ daga layin x, kason x shi ne mv cos θ, kason y kuma mv sin θ. Jera su a tsare, kowane abu da layinsa:

Kafin karo
A: kason x = 2 × 6 = 12, kason y = 0
B: kason x = 0, kason y = 0

Bayan karo
A: kason x = 2 × 4 × cos 30° = 6.928, kason y = 2 × 4 × sin 30° = +4
B: kason x = Px, kason y = Py

Ka lura ba mu rubuta 3v cos φ da 3v sin φ ga B ba. Ya fi sauƙi a kira su Px da Py kawai, a nemo su a matsayin lambobi, sannan a fitar da gudu da kusurwa daga baya. Wannan yana kawar da ruɗani mai yawa.

Gargaɗi na farko: "cos na x ne, sin na y ne" gaskiya ne kawai idan daga layin x aka auna kusurwar. Idan aka ce digiri 30 gabas da arewa, wato an fara daga arewa an karkata gabas, to daga layin y aka auna, cos ya koma y, sin ya koma x. Ƙa'idar da ba ta kuskure ita ce, layin da kusurwar ta jingina da shi shi ke ɗaukar cos.

Gargaɗi na biyu: hanyar sa alama iri biyu ce, ka ɗauki guda. Ko ka yi amfani da ƙaramar kusurwa ka sa ƙari ko ragi da hannunka bisa ga hoton, ko ka auna kowace kusurwa daga layin x na dama, kana juyawa saɓanin hannun agogo, ka bar kalkuleta ta fitar da alamar. Wanda ya haɗa biyun, ya sa digiri 150 kuma ya ƙara ragi da kansa, zai ga ragi biyu sun haifi ƙari, amsa ta juya baya.

Gargaɗi na uku: kada ka manta nauyi. Raba gudu kaɗai ba tare da m ba yana aiki ne kawai idan nauyin biyun ɗaya ne.

Mataki na 6: Rubuta ikweshan biyu, ka warware

Layin x: 12 + 0 = 6.928 + Px, saboda haka Px = 5.072
Layin y: 0 + 0 = 4 + Py, saboda haka Py = −4

Ragin da ke gaban 4 ya tabbatar da hasashenmu cewa B ƙasa ya yi. Riƙe aƙalla lambobi uku bayan ɗigo a wannan gaɓa. Wanda ya mayar da 6.928 zuwa 7 tun yanzu zai ga kusurwarsa ta ƙarshe ta goce.

Mataki na 7: Haɗa kason biyu su koma gudu da alkibla

Girman momentam ɗin B: P = √(5.072² + 4²) = √41.72 = 6.459 kg m/s. Raba da nauyinsa: v = 6.459 ÷ 3 = 2.15 m/s.

Kusurwa: tan φ = 4 ÷ 5.072 = 0.7886, φ = digiri 38.3, ƙasa da hanyar A ta farko.

Ba a tara kason x da kason y kai tsaye. 5.072 da 4 ba su ba da 9.072, domin a gicciye suke, sai ta hanyar murabba'i da tushensa. Sannan idan za ka ɗauki murabba'in lamba mai ragi a kalkuleta, sa ta cikin baka. Yawancin kalkuleta suna karanta −4² a matsayin −16, alhali abin da kake so 16 ne.

Babban tarkon wannan mataki shi ne maɓallin tan⁻¹. Amsarsa ba ta wuce tsakanin digiri −90 da +90, don haka ba ta san bambancin abin da ya yi gaba da wanda ya dawo baya ba. A ce kason x ya fito −3, kason y +4. Kalkuleta za ta ce −53.1, kamar abin ya yi dama da ƙasa. Amma ragi a x da ƙari a y na nufin hagu da sama ne, ainihin kusurwar ita ce 180 − 53.1 = digiri 126.9. Hanya mafi aminci: cire alamomin, nemo ƙaramar kusurwa, sannan ka zana ƙaramin hoto ka faɗi alkiblar da kalmomi. Amsar da ta ce "digiri 38.3" ba tare da faɗin daga ina aka auna ba, rabin amsa ce.

Mataki na 8: Duba amsa da kuzarin motsi

Kuzarin motsi shi ne ½mv². Ba shi da alkibla, ba a raba shi x da y, cikakken gudu ake sa masa.

Kafin karo: ½ × 2 × 6² = jul 36
Bayan karo: ½ × 2 × 4² + ½ × 3 × 2.153² = 16 + 6.95 = jul 22.95

Kimanin jul 13 sun koma zafi, ƙara da lanƙwasar jikin faifan. Wannan ba laifi ba ne, haka yawancin karo yake. Abin da ba zai yiwu ba shi ne kuzarin bayan karo ya fi na kafinsa, sai in tambayar ta ambaci fashewa ko matsattsen sifirin da ya saki. In ka ga ya ƙaru haka kawai, akwai kuskure, kuma galibi a alama yake.

Mataki na 9: Idan abubuwan sun manne

Wannan ya fi kowanne sauƙi. Mota mai kilogiram 1500 tana tafiya gabas da 20 m/s, wata mai kilogiram 2500 tana tafiya arewa da 16 m/s, suka yi karo suka tafi a sarƙe.

Gabas: 1500 × 20 = 30,000. Arewa: 2500 × 16 = 40,000. Jimilla: √(30,000² + 40,000²) = 50,000. Raba da haɗaɗɗen nauyi, kilogiram 4000, ka sami 12.5 m/s. Kusurwa: tan θ = 40,000 ÷ 30,000, digiri 53.1 daga gabas zuwa arewa. Wanda ya tara 30,000 da 40,000 zai sami 17.5 m/s, kuma ba daidai ba ne.

Kuzari ya sauko daga jul 620,000 zuwa 312,500, kusan rabi ya tafi. Don haka kada ka kuskura ka daidaita kuzarin kafin da na bayan a irin wannan karo.

Sau da yawa tambayar takan zo a juye: a ba ka tsawon zamewar motocin bayan karo da lambar gogayya μ, a nemi gudunsu na farko. Nan aiki kashi biyu ne, kuma daga ƙarshe ake farawa. Fara da zamewar, v = √(2μgd), inda g shi ne 9.8, d kuma tsawon zamewar, ka sami gudun gab da bayan karo. Idan μ ya kasance 0.7 kuma sun zame mita 11.4, v zai fito kusan 12.5 m/s. Sai ka raba shi gabas da arewa, ka koma baya da dokar momentam.

Mataki na 10: Idan kusurwoyi biyu aka bayar

Abu mai kilogiram 0.5 da gudun 8 m/s ya bugi mai kilogiram 1 da ke tsaye. Na farko ya kauce digiri 40 sama, na biyu digiri 25 ƙasa. Kira momentam ɗinsu na bayan karo p₁ da p₂.

Fara da layin y, domin shi ke da sifili: p₁ sin 40° = p₂ sin 25°, wato p₂ = 1.521 p₁. Sa wannan a layin x: 4 = p₁ cos 40° + 1.521 p₁ cos 25° = 2.1445 p₁. Ke nan p₁ = 1.865, p₂ = 2.837. Raba kowanne da nauyinsa: v₁ = 3.73 m/s, v₂ = 2.84 m/s. Kuskuren da aka saba gani a nan shi ne tsayawa a kan 1.865 a ce shi ne gudu, an manta rabawa da 0.5.

Mataki na 11: Idan kuzarin motsi bai ragu ba

Nan ne aikin ya fi tsawo, kuma tsarin kawar da abubuwan nema yana da muhimmanci. Ƙwallo mai kilogiram 1 da gudun 6 m/s ya bugi mai kilogiram 2 da ke tsaye, ya kauce digiri 60, kuzari bai ragu ba. Ana neman v₁ da v₂, wato gudun na farko da na biyu bayan karo, da kusurwar φ ta na biyun.

Kusurwar φ za ka fara kawarwa. Ware ta a gefe guda a kowace ikweshan:

2v₂ cos φ = 6 − v₁ cos 60°
2v₂ sin φ = v₁ sin 60°

Ɗauki murabba'in kowace, ka tara su. Tun da sin² da cos² na kusurwa guda suna haɗuwa su ba da 1, φ ta ɓace:

4v₂² = 36 − 6v₁ + v₁²

Daga kuzari: 36 = v₁² + 2v₂², wato 4v₂² = 72 − 2v₁². Daidaita biyun ka sami v₁² − 2v₁ − 12 = 0. Amsoshinta 4.61 da −2.61. Girman gudu ba ya ɗaukar ragi, sai ka riƙe 4.61 m/s. Daga nan v₂ = 2.72 m/s, kuma sin φ = 0.733, φ = digiri 47.2. Mayar da su layin x ka gani: 2.30 + 3.70 = 6.00, ya yi daidai.

Gargaɗi: wajen buɗe (6 − v₁ cos 60°)², kada ka yar da gaɓar tsakiya, −2 × 6 × v₁ cos 60°. Ita ce −6v₁ ɗin da ke sama, kuma ita aka fi mantawa. Haka kuma ba kullum ake yar da amsa ta biyu ba. Idan mai bugun ya fi wanda ke tsaye nauyi, amsoshin biyu suna iya fitowa da ƙari, kuma duka suna yiwuwa, ɗaya na shafa ne, ɗaya na bugu sosai. A wannan yanayi akwai iyakar kaucewa ma: sin ɗin babbar kusurwar da mai bugun zai iya kaucewa shi ne m₂ ÷ m₁, wato nauyin wanda ke tsaye a raba da na mai bugun. Mai kilogiram 2 da ya bugi mai kilogiram 1 ba zai kauce fiye da digiri 30 ba.

Akwai gajeriyar hanya idan nauyin biyun ɗaya ne, ɗaya yana tsaye, kuma kuzari bai ragu ba: bayan karon hanyoyinsu suna yin digiri 90 da juna, matuƙar ba gaba da gaba suka haɗu ba. Sharuɗɗan nan uku dole su cika gaba ɗaya. Idan kuzari ya ragu, kusurwar tana gaza 90.

Mataki na 12: Idan an ba ka wurin da suka taɓa juna

Wani lokaci ba a ba da kusurwar bayan karo ko ɗaya, sai girman ƙwallayen da yadda suka goga. Ga ƙwallaye masu santsi, ƙarfin bugun yana bin layin da ya haɗa cibiyoyinsu ne kawai. Saboda haka sake shimfiɗa layukanka, ɗaya a kan layin cibiyoyin, ɗaya a gicciyensa. A gicciye, gudun kowane ƙwallo ba ya sauyawa ko kaɗan. A kan layin cibiyoyi kuwa, karo ne na layi guda irin wanda ka riga ka iya, da momentam da lambar dawowa e, inda gudun rabuwa yake daidai da e sau gudun kusantowa. Kason da ke kan layin cibiyoyi kaɗai ake sa wa e, ba cikakken gudu ba.

Kusurwar da ke tsakanin layin cibiyoyi da hanyar mai bugun tana fitowa daga sin α = b ÷ (r₁ + r₂). A nan b ita ce tazarar da ke tsakanin hanyar cibiyar mai bugun da cibiyar wanda ke tsaye, r kuma rabin faɗin kowane ƙwallo. Ɗauki ƙwallaye biyu iri ɗaya, cibiyar A ta nufi daidai gefen B, wato b = r. Sai sin α = 0.5, α = digiri 30. Idan A ya zo da 5 m/s kuma e = 1, kasonsa na layin cibiyoyi, 5 cos 30° = 4.33 m/s, ya koma kan B ɗungurungum, B ya tafi da shi a digiri 30 daga hanyar A ta farko. A ya rage da kason gicciye kaɗai, 5 sin 30° = 2.5 m/s, a digiri 60 daga hanyarsa ta farko, ta ɗaya gefen. Duba: 4.33² + 2.5² = 25, daidai da 5².

Ka tuna kusurwoyin da tan⁻¹ zai ba ka a wannan tsari daga layin cibiyoyi aka auna su. Idan tambayar daga hanyar A ta farko take son amsa, sai ka ƙara ko ka rage α kafin ka rubuta ta.